Kaktus ɗin Nowel na marigayiya Inna ya yi gefe guda: yaushe zan rage shi, yaya zan dasa?

Maman Ƴan Biyu, Yantala:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu son shuka. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta bar mini wata shuka a tukunya, wadda masu sayar da furanni ke ce wa kaktus na Nowel, wato na Kirsimeti. Daga Lome ta zo da shi shekaru da dama, yana ɗan ƙarami cikin gwangwanin madara. Ba shi da ƙaya, ba shi da ganye irin wanda muka sani, gaɓa-gaɓa ne masu faɗi, wata na fitowa daga kan wata kamar ƙafar ƙaguwa. Bana ya fara fure tsakiyar Janairu, shekaranjiya na ƙarshe ya faɗi.

Damuwata biyu ce. Ya yi gefe guda, ɓangaren da ke kallon taga ya zubo har ya wuce bakin tebur, ɗaya ɓangaren kuwa kamar an aske shi. Sannan ƙannena mata uku kowace na son nata, tunda abin Inna ne. Bara na gwada. Na yanko reshe huɗu da wuƙa, na soka su cikin ƙasar da na ɗebo a bayan ɗaki, ina ba su ruwa safe da yamma. Kafin sati biyu gindinsu ya yi baƙi, na ɗaga ɗaya sai ya rabu a hannuna kamar dafaffiyar kuɓewa. Tun daga ranar ban sake taɓa shi ba. Don Allah wanda ya sani ya taimaka mini.

Sabon Shiga:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna. Ai tunda kaktus ne abin mai sauƙi ne, Yaya. Shukar hamada ce. Ki fitar da shi tsakar gida ya sha rana, ki daina ba shi ruwa sai wata-wata.

Mai Garka, bakin gulbi:
A'a! Hajiya don girman Allah kada ki fitar da shi rana. Ɗan uwa na san da zuciya ɗaya ka faɗa, amma wannan shawarar ce ta fi kashe shukar nan a Yamai. Ni da idona na gani. Wani mai gida ya saya a wurinmu, tukunya cike da fure, ya je ya ɗora a kan katanga. Kwana biyar ya dawo da ita, gaɓoɓin sun koma ja-ja-ja sun yamutse kamar kilishi. Sunan ne ke ruɗin mutane.

Baba Mai Ritaya, Plateau:
Amin, Allah ya sa ta huta. Ɗiyata, Mai Garka ya faɗi gaskiya, bari in ƙara miki dalili, don in kin san gidan da shuka ta fito kin san rabin renonta. Wannan kaktus ba na rairayi ba ne. Asalinsa duwatsun kudu maso gabashin Barazil, wajen Riyo da Sawo Paulo, a tudu daga mita 700 zuwa sama, inda kurmi ne, hazo na sauka, iska da danshi, ba zafi. Can ma ba a ƙasa yake tsirowa ba. A kan rassan manyan itatuwa yake zama, ko a tsagin dutse, inda ruɓaɓɓen ganye ya taru. Ba ya shan jinin itacen kamar kauci, mazauni kawai yake nema. Ki duba abin da wannan ke nufi. Inuwar itace ke rufe shi, don haka bai san rana tsaka ba. Ruwa na dukansa sau da yawa, amma nan take yake tsiyayewa, saiwarsa ba ta taɓa kwana cikin taɓo ba. Ƙasar bayan ɗakinki, in irin tamu ce da ke daskarewa in ta sha ruwa, ita da ban ruwan safe da yamma su suka haɗu suka ruɓar da na bara. Ba hannunki ne ke da laifi ba.

Sabon Shiga:
To Baba, na karɓi gyara. Ban san akwai kaktus na kurmi ba wallahi.

Ɗaliba, Harobanda:
Akwai su da yawa. Tanti, sunansa a wajen masana Schlumbergera. Wani Bafaranshe masanin tsirrai, Charles Lemaire, shi ya raɗa masa a 1858, don girmama Frédéric Schlumberger, mai tara irin waɗannan tsirrai a kusa da birnin Rouen na Faransa. Abin da ya fi burge ni, a Barazil furen watan Mayu suke ce masa, don su a kudancin duniya suke, lokacin ne sanyinsu ke shigowa. Da aka kai shi Turai sai ya koma fure wajen ƙarshen shekara, suka ce na Nowel. Ke nan shukar ba kalanda take bi ba, tsawon dare da sanyi take bi.

Ki duba gefen gaɓoɓin naki. In suna da haƙora masu tsini, kuma garin cikin furen rawaya ne, to dangin truncata ne. In gefen a zagaye yake babu tsini, furen na rataye yana kallon ƙasa, garin cikinsa ruwan hoda, to dangin buckleyi ne, wanda aka haɗa a Ingila wajen 1850.

Maman Ƴan Biyu, Yantala:
Na je na duba yanzu. Haƙora ne masu tsini, biyu ko uku kowane gefe. Baba na gode, wallahi maganarka ta sauke mini wani nauyi, shekara guda ina ganin ni na kashe su da gangan.

Mai Garka, bakin gulbi:
Mai tsinin shi ne ya fi yawa a kasuwa, kuma renonsu ɗaya ne. Yanzu maganar ragewa. Ki ajiye wuƙa. Ki kama gaɓar da za ta zauna da hannun hagu, ki kama ta samanta da dama, ki murɗa a hankali kamar mai buɗe murfin kwalba. Za ki ji ta rabu tsaf daidai mahaɗa. Wurin nan siriri ne, ciwon ƙarami, yana saurin bushewa. Wuƙa kuwa sau da yawa tsakiyar gaɓa take bi, ta bar baki mai faɗi yana ruwa. Kowane reshe da za ki dasa ya kasance gaɓa biyu ko uku. Guda ɗaya na kamawa, amma yana jinkiri. Dogo mai gaɓa biyar ko shida kuma nauyi ke kayar da shi, ga shi yana zubar da ruwan jikinsa kafin ya yi saiwa.

Sai abin da kika tsallake bara: kada ki dasa ranar da kika cire. Ki shimfiɗa su kan faranti a inuwa, cikin ɗaki, kwana biyu. Ki taɓa bakin, in kin ji ya bushe ya yi ƴar fata, to ya isa.

Ɗan Ader, Tawa:
Salamu alaikum jama'a. Wanga zance na shan iska ai mun san shi tun muna yara, sai dai ba ga hure ba. Aguwa da muke shinge da ita, haka tsohinmu ka yi. A sare ta da bazara, a jibge ta inuwa ta yi kwanaki nononta ya tsaya, sannan a kafa ta cikin busasshiyar ƙasa kamin ruwan fari ya faɗi. Wadda anka kafa ɗanya cikin laka ruɓewa takai. Ban taɓa tunanin ilimin shingen gona zai yi aiki ga huren ɗaki ba sai da matata ta samo wanga kaktus.

Baba Mai Ritaya, Plateau:
Madalla da wannan misali, ɗana. Dalilin ɗaya ne. Duk shuka mai ajiyar ruwa a jiki, in ka buɗe mata ciwo ka tura shi cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙwayoyin ruɓa ka buɗe wa ƙofa. Bambancin kawai, aguwa da tinya da ƙerana ba kaktus ba ne ko kaɗan, duk da kamar da wasunsu ke yi. Dangin masu farin nono ne. Kaktus na ainihi daga nahiyar Amurka suka fito, in ka cire guda ɗaya mai siraran rassa da ake samu a kurmin Afirka da Madagaska.

Amarya, Banifandu:
Ku gafarce ni in tsoma baki. Ina da yaro mai rarrafe, komai baki yake kaiwa. Shi wannan ba shi da guba? Don an ce mini furen nan mai kumburarren gindi yana kisa.

Baba Mai Ritaya, Plateau:
Wancan ƙarya ce, ɗiyata, wato sunan itacen ke nan, ƙarya, mai fure ja da fari. Ita kam ruwanta dafi ne, a nisanta yara da ita. Kaktus na Nowel ba shi da nono, ba a san shi da guba ba. Duk da haka ki ɗaga tukunyar sama, ko don ƙasar da ke ciki.

Tanti ta Talladje:
Ni fa duk wannan wahalar ta ƙasa ba na yin ta. A ruwa nake sa nawa. In samu ƙaramar kwalba, in zuba ruwa kaɗan, in jingina reshen yadda bakinsa kawai ke taɓa ruwan. Sati biyu zuwa uku sai ki ga fararen saiwoyi kamar zare. Daɗinsa ido na gani. Wanda ke cikin ƙasa kullum zuciya na raya miki ki tono ki duba.

Mai Garka, bakin gulbi:
Tanti, ban musa ba yana yi. Amma saiwar ruwa laushi gare ta, ranar da kika mai da ita ƙasa rabinta ke karyewa, shukar ta koma baya ta sake sabon aiki. Kuma ruwan kwalba a zafin garin nan kwana biyu ya yi ɗumi ya fara wari.

Tanti ta Talladje:
Shi ya sa ake canja shi duk bayan kwana biyu, ɗana. Kuma ba a barin saiwar ta yi tsawo, da ta kai rabin gaɓar yatsa sai ƙasa. Tukwane bakwai ne a barandata yanzu, duk ta kwalba suka bi. Kai kana da rumfa da ma'aikata, ni tagar kicin gare ni.

Mai Garka, bakin gulbi:
Allah ya ba ki haƙuri Tanti, bakwai ba wasa ba. Ni dai wanda ya taɓa ruɓar da shuka da yawan ruwa, ba na son in sake tura shi wajen ruwa. Hajiya, ga haɗin da muke yi. Rairayin gulbi mai tsakuwa-tsakuwa, ba mai laushin nan da iska ke kwasa ba, a wanke shi ya fita daga laka, kashi biyu. Ruɓaɓɓen ganyen da ya koma baƙar ƙasa, kashi ɗaya. Gawayi a daddaka shi kamar girman wake, kashi ɗaya. Kada ki sa takin tumaki ko na kaji, yana ƙone sabuwar saiwa. Ki gwada haɗin kafin ki dasa: ki zuba kofin ruwa, in bai fito ta ƙasan tukunya nan da nan ba, ki ƙara rairayi. Ki soka reshen kamar santimita ɗaya ko biyu, iyakar abin da zai tsayar da shi, ki tokare da tsinken tsintsiya. Ki lura da kai da gindi, wanda ya rabu da uwa shi ke shiga ƙasa. Uku ko huɗu a ƙaramar tukunya ɗaya, don in sun girma su cika ta.

Ɗan Ader, Tawa:
Ni ɓawon gujiya ni sa wurin ruɓaɓɓen ganye, gara ta biyo shi har cikin tukunya. Ku kiyaye.

Maman Ƴan Biyu, Yantala:
Na rubuta duka. To gobe in Allah ya kai mu sai in fara?

Baba Mai Ritaya, Plateau:
Dakata tukuna, ɗiyata, nan ne maganar take. Littattafan Turawa na cewa a bar shi ya huta kamar wata guda bayan fure, sannan a rage. Gaskiya ne a wurinsu, don wata guda bayan furensu sanyi ne ke ja da baya, iska mai daɗi na shigowa. Mu fa? Naki ya gama yau tsakiyar Fabrairu. Ƙara wata guda, kin shiga tsakiyar Maris. Reshe na son sati uku zuwa shida kafin ya kama. Ke nan daidai lokacin da jaririyar saiwa ke fitowa, Afrilu ya iso da digiri 41, 42, iska a bushe ƙayau. Shukar da ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, uwar ma da ƙyar take ƙetare watannin nan biyu, balle ɗan da ba shi da saiwa. Ra'ayina ki jira damina ta zauna, farkon Yuli. Iska ta yi danshi, zafi ya sauka, reshe ba ya bushewa kafin ya kama.

Mai Garka, bakin gulbi:
Baba, da girmamawa, nan kam ban bi ka ba. Damina ce lokacin da muka fi asarar dashe a garka. Danshin da kake so shi ruɓa ma ke so. Agusta in hadari ya yi kwana uku rana ba ta fito ba, ƙasar tukunya ba ta bushewa, sai ka tarar da gindi ya yi baƙi. Ni yanzu nake cirewa, ban jiran wata gudan nan. Dare na da sauran sanyi har ƙarshen Fabrairu. In ta cire cikin satin nan, kafin zafi ya kankama sun kama.

Baba Mai Ritaya, Plateau:
Kai a bakin ruwa kake, ƙarƙashin mangwaro, ƙasa a jiƙe ko'ina. Iskar garkarka daban da ta ɗakin siminti da rufin kwano a Yantala. Ruɓar damina kuwa ana maganinta da rage ban ruwa da sa tukunya inda ruwan sama ba ya dukanta. Zafin Afrilu da me za ta rage shi?

Mai Garka, bakin gulbi:
Wannan gaskiya ne, wurina ya fi sanyi. Amma akwai wani abu, Baba. Fure a bakin gaɓar ƙarshe yake fitowa, kuma sai gaɓar ta ƙosa. Duk inda aka murɗe, sau da yawa biyu ke fitowa a wurin, shi ya sa ragewa ke ƙara fure. In ta rage a Yuli, sabbin gaɓoɓin za su ƙosa kafin sanyi? In ba su ƙosa ba, baɗi uwar ba za ta yi fure sosai ba. Kuma furen nan shi ne abin da take tuna mahaifiyarta da shi.

Baba Mai Ritaya, Plateau:
Daga farkon Yuli zuwa Nuwamba wata huɗu ne da ɗoriya, kuma watannin da ya fi girma ke nan a nan. Suna isa. Abin da ba na so shi ne a wuce tsakiyar Agusta ana taɓa shi. Amma ka kawo hujja mai ƙarfi, ban raina ta ba.

Ɗan Ader, Tawa:
Ni Baba nika bi, don nan Tawa bazara ba ta da tausai. Sai dai ga dabarar da ta tsirar muna da namu shekara biyu. Tukunyar huren ta ƙasa ce, mun sa ta cikin wata babba, mun cika tsakaninsu da rairai, rairan muka jiƙawa safe da marece, ba ƙasar shukar ba. Ka sa hannu ka ji tukunyar ciki da sanyi kamar randa.

Ɗaliba, Harobanda:
Tonton, wannan ai ita ce dabarar tukunya cikin tukunya da wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa don ajiyar tumatir da ganye, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ruwan da ke fita ta jikin tukunyar waje yana tafiya da zafi. Kuma ta fi aiki in iska a bushe take, wato daidai Afrilu da Mayu. Sai dai tukunyar ciki tana da huda, a lura kada ruwan rairayin ya taru a ƙasa ya shiga ta nan.

Ɗan Ader, Tawa:
Haka ne ɗiyata, tsakuwa munka zuba ƙasa, ita ma babbar mun huda ta.

Mai Garka, bakin gulbi:
Tukwanen ƙasa na ƙauyen Bubon sun dace da wannan, ba su da shafe, suna zufa sosai. Roba baƙa kam a bazara dafa saiwa take.

Tanti ta Talladje:
Ƙanwata, kin ji malamai sun rabu biyu, kuma kowa da gaskiyarsa. Ni in ni ce ke, ba na zuba ƙwaina duka a kwando ɗaya ba, tunda abin ba shi da madadi. Ki cire kaɗan yanzu daga dogon gefen, ki bar babban askin sai damina. In na yanzu sun kama, alhamdu lillahi. In ba su kama ba, uwa na nan.

Baba Mai Ritaya, Plateau:
Na yarda da wannan. Kuma ko a damina kada abin da za ki cire ya wuce kashi ɗaya cikin uku na jikinsa. Gefen da ya yi sanƙo kuwa haske ya rasa. Ki riƙa juya tukunyar kaɗan duk sati, amma daga ranar da kika ga ƴan kawunan fure sun ɓullo, ki daina motsa ta, zubar da su yake.

Amarya, Banifandu:
Baba tunda ana maganar fure, nawa shekara biyu kore shar, amma ko ɗaya bai taɓa yi ba. A baranda yake.

Baba Mai Ritaya, Plateau:
Akwai fitila a barandar da dare?

Amarya, Banifandu:
Akwai, kwana take a kunne saboda tsaro.

Baba Mai Ritaya, Plateau:
To ga ɓarawon furenki nan. Shukar nan ba ta ɗaukar fure sai ta samu duhu marar yankewa na awa 12 zuwa 14 kowane dare, har kamar sati shida, tare da sanyin dare. Mu a Yamai muna kan digiri 13 da rabi arewa, darenmu mafi tsawo a Disamba bai wuce awa 12 da minti 40 ba. Kin ga da ƙyar muke cika mudun, babu rarar da za a ba fitila. Sanyin da take so, wajen digiri 15, shi ma sai Disamba da Janairu muke samunsa, shi ya sa namu ke makara, ya wuce Nowel ɗin da aka sa masa suna. Daga farkon Nuwamba ki mai da shi inda babu fitila, ko ki kifa masa kwali daga magariba zuwa bayan fitowar rana. Ki rage ruwa kaɗan a lokacin. Kada ki sa shi ɗakin da ake rufewa ruf, yana son ya ji sanyin asuba.

Maman Ƴan Biyu, Yantala:
Allahu akbar. Inna kullum in sanyi ya shigo sai ta ɗauke shi daga falo ta kai ɗakin ajiya, kusa da ƴar taga, ta ce shi ma yana son barci. Mu muna ganin al'adarta ce kawai. Ni ma don na ga tana yi nake yi.

Na yanke shawara. Jibi zan cire shida masu gaɓa uku. Huɗu a rairayi yadda Mai Garka ya ce, biyu a kwalba don Tanti. Sauran sai Yuli. Ruwa fa, yaya zan ba na rairayin?

Mai Garka, bakin gulbi:
Haɗin ya kasance da ɗan danshi ranar dashe, kamar garin da aka yayyafa wa ruwa za a yi dambu. Daga nan kada ki ƙara sai bayan kwana huɗu ko biyar. Ki riƙa tura yatsa, in saman ya bushe har gaɓar yatsa ɗaya, ki zuba kaɗan a gefen tukunya, ba kan reshen ba. Za ki ga sun ɗan yamutse a sati na biyu, kada ki tsorata ki ƙara ruwa, ajiyar jikinsu suke ci. Kada ki tono. Alamar kamawa ita ce ƴar sabuwar gaɓa ja, ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, a saman reshen.

Ɗan Ader, Tawa:
In ruwan damina ya samu ku tara mishi. Na rijiyarmu nauyi gare shi, hwarin gishiri yaka bari bakin tukunya.

Maman Ƴan Biyu, Yantala:
Salamu alaikum, na dawo da labari, yau 9 ga Afrilu. Cikin huɗun rairayi uku sun kama. Ɗaya ta fitar da ƴar jar gaɓar nan ranar Juma'a, na kira ƴan biyu suka zo muka tsuguna muna kallo. Ta huɗun ba ruɓewa ta yi ba, bushewa ta yi, ta koma kamar takarda. Ita ce ta bakin tukunya wajen taga. Na kwalba duka biyu sun yi saiwa tun sati na uku, na mai da su ƙasa, ɗaya ta tsaya, ɗaya ta kwanta satin da wuta ta yi ta ɗaukewa, ɗakin ya zama tanda, ba ta sake tashi ba. Yanzu duk suna cikin tukunya biyu irin ta Ɗan Ader, a ƙasa, kusa da randa. Sai kuma na ga wani farin abu kamar auduga a mahaɗar gaɓoɓin uwar.

Mai Garka, bakin gulbi:
Barka Hajiya, huɗu cikin shida a wannan zafin ba ƙaramin abu ba ne. Farin abin ƙwaro ne, ruwan shukar yake tsotsa. Ki naɗe auduga a tsinke, ki tsoma cikin alkol na kantin magani, ki bi su ɗaya-ɗaya ki goge, da yamma. Ki sake dubawa bayan sati, ƙwansu na ƙyanƙyashewa. Ki raba uwar da ƙananan har sai kin tabbata sun ƙare.

Baba Mai Ritaya, Plateau:
Madalla. Mayu na gaba, ki riƙe su da kyau. Kada ki ba su taki yanzu, kada ki canja musu tukunya, su dai rayu. Ƙura in ta rufe su ki fesa musu ruwa da sassafe.

Tanti ta Talladje:
Ɗaya tawa ta rayu dai, Mai Garka ka shaida.

Mai Garka, bakin gulbi:
Na shaida Tanti.

Maman Ƴan Biyu, Yantala:
Yau 20 ga Agusta. Huɗun nan duk sun ƙetare Mayu, ɗaya har gaɓa biyar. Ranar 6 ga Yuli na yi babban askin, na cire goma sha biyu, tara sun kama, uku sun ruɓe a satin da aka yi ta ruwa ba rana, yadda Mai Garka ya faɗa. Amma na lura na damina sun fi saurin fitar da toho, kuma ba su yamutse kamar na farko ba. Uwar ta fitar da biyu-biyu a mafi yawan wuraren da na murɗe, gefen sanƙon ma ya fara cikowa. Ƙannena biyu na nan Yamai sun karɓi nasu. Autarmu tana aure a Tawa, ita ce ta rage. Na samo tsohon gwangwanin madarar da Inna ta zo da shi a cikin kayanta, ina so in sa mata nata a ciki in ba mai zuwa. Zai yi?

Ɗan Ader, Tawa:
Tahiyar ta wuce kilomita 500, yini guda ce cikin mota. A riƙe shi ga hannu, kada a sa shi wurin kaya ƙarƙashin mota, zahin inji na nan. In ya iso ta aje shi inuwa sati guda kamin ta matsa da shi kusa ga taga.

Baba Mai Ritaya, Plateau:
Zai yi, ɗiyata, shukar nan ta fi son matsattsen wuri. Ki juya gwangwanin ki duba gindinsa. In hudar da mahaifiyarki ta yi ta toshe da tsatsa, ki sa ƙusa ki buɗe ta, ki ƙara uku ko huɗu. Ki ba shi ruwa kwana biyu kafin tafiyar, ba ranar ba. Kuma ki gaya wa autar taku maganar fitila tun yanzu, kafin Nuwamba.

Maman Ƴan Biyu, Yantala:
Na duba, Baba. Huda uku ce, biyu sun toshe. Bari in nemo ƙusa.